Sifikun Kunne Masu Om Huɗu

Kowa a layin nan ya san Kunne, mai gyaran sifika. Wadda ba a sani ba ita ce matarsa, kuma wallahi abin haushi ne, domin rabin sifikun da ke cika wa mutane kunne a gari sun bi ta yatsunta. Shi ne mai shago a bakin titi, shi ake gaisarwa, shi ake yabo. Ita tana ɗakin baya, ƙofa ɗaya tsakaninta da shagon, a gaban wani ɗan tebur da ƙafarsa ɗaya ta gaza har aka tokare ta da murfin gwangwani. A nan take naɗin kwayil.

Ga wanda bai sani ba, a cikin kowace sifika akwai ɗan zobe na takarda mai kauri, an naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi. Shi ne kwayil. In wuta ta bi ta cikinsa sai ya yi rawa a bakin maganaɗisu, ya girgiza babbar takardar da ke gaba, murya ta fito. In ya ƙone, sifika ta mutu ke nan, sai an sake naɗi. To wannan naɗin shi ne aikinta shekara talatin da takwas. Injin da take aiki da shi mijin ne ya haɗa mata da hannun tsohon keken ɗinki. Dama na juyawa, hagu na riƙe da waya, leɓenta na motsi tana ƙirga zagaye. In ta fara ƙirga, ko rufin gida ne ya faɗo sai ta kai ƙarshe. Waya ta yi wa yatsanta na hagu hanya, wani ɗan rami da ba ya cikowa. Mijin ne ya sa mata suna Injiniya don tsokana, sunan ya kama ta har ’yarsu ta taso tana zaton shi ne na gaskiya. Ita kuwa Malam take ce masa, tun ranar farko.

Shi ma ba a banza ya samu nasa sunan ba. Yana saurayi ya zo wucewa ta gaban shagon wani mai aski, ya ja ya tsaya a tsallaken titi, ya rufe ido, ya karkatar da kai. Sai ya ƙetara ya ce wa mai askin, “Sifikarka ta hagu tana gogar maganaɗisu. Ba za ta kai mako ba.” Mai aski ya ce ya je ya nemi abin yi. Kwana biyar ta yi. Daga ranar ba a ƙara kiransa da wani suna ba, shi kuma bai ƙara sauraron aiki ido a buɗe ba.

Yana da wa’azi guda ɗaya a kan om, wato ma’aunin da ke nuna yawan wutar da sifika za ta ja daga amfilifaya, kuma duk wanda ya shigo shagon da ƙonannen kaya sai ya sha shi.

“Juya bayan amfilifayar ka karanta,” zai ce. “Om takwas aka rubuta? To ka ba ta sifika mai om takwas. Mai om huɗu ci gare ta, wutar da take ja ninki biyu ce. In kuwa ka murɗe irinta biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙa da baƙa, sun koma om biyu, ka kashe kanka. Amfilifaya ba ta iya cewa a’a ba, ɗan’uwa. Za ta yi ta bayarwa tana zafi har ta ƙone. In ta tashi tafiya kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja sifikun.”

Injiniya ta ji wannan ta bayan ƙofa sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Wani lokaci takan riga shi faɗin ƙarshen a hankali, tana dariya ita kaɗai.

A falonsu akwai sifiku biyu, akwatunan katako masu kai wa mutum ƙirji. Shekarar da aka haifi ’yarsu tilo aka yi su. Shi ya yanka katako, ita ta naɗa kwayil ɗin tana da ciki wata takwas, tebur yana tokare mata ciki. Da waya mai ɗan kauri ta yi su, om huɗu kowace, domin amfilifayar da ya haɗa da hannunsa a lokacin ƙatuwa ce, tana iya ɗauka ba ta ko gumi. Ita ta ɗinka ƙyallen ruwan ƙasa da ya rufe fuskarsu. An sha zuwa neman sayensu, yakan ce a nemi wani abin.

Yarinyar a gaban sifikun nan ta girma. Aku uban yake ce mata, saboda bakinta ba ya hutawa. Duk ranar da ya gyara makirfo, ita ce mai gwaji. Takan hau kujera, ta gyara murya, ta karanta labaran gida: “An samu rahoton cewa Baba ya sake mantawa da shayi a kan wuta. Injiniya ta ce ba za ta ce komai ba.” Shi kuma ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai ya ɗauke ta ya nuna akwatunan ya ce, “Wata rana daga cikin waɗannan zan ji ki. Ba da wayar makirfo ba, daga gidan rediyo na gaske.” Ya faɗa tana shekara biyar, ya faɗa tana goma sha biyar, ya sake faɗa ranar da ta hau mota ta tafi wani gari mai nisa ta kama aiki a babban gidan rediyo. Shekara shida ta yi a can tana rubuta labarai wasu suna karantawa.

A cikin waɗannan shekarun ne abin ya fara, kamar wasa. Butar shayi ta yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa da ita bai motsa ba. Ya ce tsuntsayen da ke damunsa da safe sun yi ƙaura, alhali suna nan a kan katanga suna abin da suka saba. In Aku ta kira, sai ya miƙa wa uwar wayar ya ce, “Ba na son abin nan, yana matse wa mutum murya.” Siraran sautuka ne suka fara tafiya, muryoyin mata da na yara. Abin da ya maye gurbinsu wani ƙugi ne a cikin kansa. Sau ɗaya ya tambaya wa ya tayar da janareta, Injiniya ta ce ba kowa. Bai sake tambaya ba.

A shago sai ya sake salo. Ya daina faɗa wa mutum ciwon kayansa nan take. “Bar ta, ka dawo gobe,” zai ce. In mai kaya ya fita, sai ya shigo da ita ɗakin baya, ya kunna, ya harɗe hannu.

“Injiniya, bari in gwada ki. Me kika ji?”

“Kamar tana goga daga ƙasa, Malam.”

“Madalla. Kin fara koyo.”

Shekara uku suna wannan. Bai ce ba, ba ta ce ba. Ta koyi tsayawa a gabansa in za ta yi magana don ya ga bakinta, ta koyi kaurara murya, ta koyi bin ɓangarensa na hagu inda sauran jin yake. Kada wani ya ce wauta ce. Mutumin da gari ya yi shekara arba’in yana kira Kunne, da wane bakin za ki ce masa kunnen ya tafi? Tausayinsa take ji, tausayin da ke hana ta cin abinci wata rana, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Sai ga wayar Aku wata safiya. Mai karanta labaran ƙarfe huɗu na yamma zai yi tafiya, an ce ita za ta zauna a kujerarsa ranar Alhamis ta sama. Rana ɗaya tak, minti goma. Injiniya ta tsaya a gaban mijin ta gaya masa, baƙi bayan baƙi. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya je ya shafa kan akwatunan nan biyu. Tsohuwar amfilifayar ta daɗe da mutuwa, kayan gyaranta sun ɓace daga kasuwa, kuma Aku ta san da haka. Bayan kwana uku wani direba ya sauke kwalin da ta aiko a ƙofar shago.

Risiba ce, baƙa, mai nauyi, irin ta hom tiyata, da rediyo da amfilifaya duk a ciki ɗaya, bayanta cike da bakunan waya. Kafin ya taɓa soket, Kunne ya juya bayanta ya sa tabarau, kamar yadda yake koya wa mutane. Injiniya ta leƙa ta kafaɗarsa. Om takwas aka rubuta. Suka dubi juna.

“Za ta ɗauka,” ya ce, “in ba a matsa mata ba.”

Gaskiya ya faɗa. Da ya haɗa ya murɗa sauti zuwa sulusi, sifikun suka buɗe baki, wani sauti mai laushi ya cika falon, irin wanda ta yi shekaru ba ta ji ba, har idonta ya ciko. Ta juyo don ta ga murnarsa, ta tarar ya haɗe gira. Ya ƙara murɗawa zuwa rabi. Gilashin taga ya fara rawa. Ya wuce rabi. Ba a yi minti biyar ba aka ji ƙas, komai ya ɗauke, wata ’yar jar fitila ta shiga ƙiftawa.

Mai gadi ke nan. Haka yake kiran ɗan abin da ke cikin irin waɗannan akwatunan, wanda ke yanke wuta daga sifiku in nauyi ya yi yawa, kafin wani abu ya ƙone. A shago yabonsa yake yi, yakan ce shi kaɗai ne mai hankali a cikin akwatin. Ranar kuwa tsaki ya ja.

“Kayan zamani ba su da ƙashi,” ya ce.

Washegari ta yi ƙarfin hali. Ta ɗauko abin sauraro na maƙalawa a kunne daga aljihun tebur, ta ajiye a gabansa. “Malam, ko a gwada da wannan?”

Ya dube shi, ya dube ta. “Shekara nawa ina gaya wa yarinyar nan daga inda zan ji ta?”

Ta ɗauke abinta ta mayar.

Sai ya shigo da wasu sifiku biyu daga shago, su ma masu om huɗu, ya ɗora su a kan kujeru, ɗaya a kowane gefen inda yake zama, daidai kunne. Da farko ya yi abin yadda ya kamata. Ya haɗa kowace da ɗaya daga manyan a jere, wutsiyar wannan a kan waccan, huɗu da huɗu suka zama takwas. Risiba ta wuni tana aiki, ko ɗumi ba ta yi sosai ba. Sai dai haɗin jere raba ƙarfi yake yi, kowace sifika ta samu rabi. Ya zauna a tsakiyarsu fuska ba yabo ba fallasa. Wata mata tana karanta sanarwa a rediyon, muryarta ta cika gidan har tsakar gida, sai ya juyo ya ce, “Sun tafi hutu ne?”

“Yanzu za su dawo,” in ji Injiniya, ta shige ɗakin baya. Ranar sau uku ƙirga yana ɓace mata.

Ran Laraba ya warware haɗin jeren. Tana tsaye tana gani ya kama wayoyin, ja da ja, baƙa da baƙa, ya murɗe su da yatsunsa, ya cusa a baki ɗaya. Om biyu. Mai gadi bai ba shi ko minti ɗaya ba. Ya kashe ya kunna, ƙas. Ya sake, ƙas. Ya zauna yana kallon jar fitilar nan har shayinsa ya yi sanyi.

Alhamis da rana ya rufe shago. Duk layin ya san da zancen, domin shi da kansa ya bi ƙofa ƙofa ya sanar. Tela da ke tsallaken titi har ya fito da ƙaramin rediyonsa ya ɗora a taga. Injiniya ta fito da kofin shayi, ta tsaya a bakin ƙofar falo. Ya kwance murfin risibar ya jingina a bango. Ƙarfen dalma yana zafi a gefe. A hannunsa wata guntuwar waya ce da ba ta fi tsawon yatsa ba. Ba sai an gaya mata ba. Zai ƙetare mai gadi ne, ya ɗinke hanyar wuta ta bayansa, yadda ko ya yanke ba abin da zai yanku. Wanda bai san aikin ba ba zai ma san inda abin yake ba. Sai gwani ke iya irin wannan ɓarnar.

Maganar tana bakinta, maganarsa ce ma, ba tata ba. Amfilifaya ba ta iya cewa a’a ba. Amma in ta faɗa, zai ce to me ya sa sautin ba ya fita, ita kuma dole ta ce yana fita, Malam, har titi ana ji. Daga nan sauran kalma ɗaya ce ta rage, kuma yau ce ranar da ya yi shekara ashirin da bakwai yana jira.

“Malam, za ta yi zafi,” ta ce.

Bai juyo ba. A bayansa take, ta ɓangaren dama, kuma ta san da haka lokacin da ta buɗe baki. Har yau wannan ne abin da ba ta yafe wa kanta ba.

Abin da ta iya yi shi ne ta jawo fanka mai tsayuwa, ta saita ta a kan buɗaɗɗen cikin risibar, iska na bi ta kai tana fita ta taga. Ya ɗaga kai ya gani, ya ce, “Yauwa, Injiniya.”

Huɗu saura kwata ya kunna, wai don ya tabbatar da tasha. Ta yi masa alama da agogo cewa a ɗan jira, ya kaɗa hannu. Ya murɗa sauti har ƙarshe. Wayyo Allah, abin da ya fito ba sauti ba ne, yaga ce. Muryoyi suna tsagewa, takardun sifiku suna bugun ƙyalle, kofuna na kaɗawa a kan tebur. Mutumin da ya taɓa jin gogar kwayil daga tsallaken titi ya zauna a tsakiyar wannan azaba yana murmushi.

“Yanzu ta fara magana,” ya ce.

Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan risiba. Ba ta roƙi Allah ya dawo masa da ji ba, ta san wannan ya wuce. Minti ashirin da biyar kawai take roƙo. Saura goma. Saura biyar. Warin ƙarfe mai zafi ya fara zuwa mata. Da dogon hannun agogo ya hau kan sha biyu, Kunne ya rufe ido, ya karkatar da kai.

Kiɗan buɗe labarai ya wuce. Sai ga ta.

“Masu sauraro, barkanku da yamma.”

Muryar Aku ce, duk da yagar, ita ce, ta cika falon da ta girma a cikinsa. Injiniya ta dafe ƙirji. Sai wani bum mai nauyi, takardun sifikun huɗu suka turo gaba suka tsaya cak. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga cikin risibar, fankar da ta kawo da hannunta ta kwashe shi ta fitar ta taga. Koriyar fitilar gaba ba ta mutu ba, lambar tasha na nan tana haske kamar ba abin da ya faru. Falon ya yi tsit, sai kukan fanka.

Ta dubi mijinta. Idonsa a rufe, kai a karkace, yana gyaɗawa a hankali. Ƙugin da ke cikin kansa bai ɗauke ba, shi yake sauraro.

Can sai ta jiyo ta. Daga tsallaken titi, daga ɗan rediyon Tela, muryar ’yarta tana shigowa ta taga, siririya, mota na wucewa tana yanke ta. Taku biyar ne tsakaninta da tagar. In ta miƙe zai ji motsin dandamali a ƙafarsa, zai buɗe ido. Ita ma fa uwa ce, ita ma shekara shida ta yi tana jira. Ta zauna. Tana kama kalma ɗaya tana rasa biyu, hawaye na sauka a kan hannunta, ba ta ɗaga hannun ta share ba.

“Kai, Aku!” ya ce, ido a rufe. “Kin ji yadda take tsayawa a gaɓa? Ni na koya mata.”

“Na ji, Malam.”

Minti goma ba su taɓa yi mata tsawo haka ba. A ƙarshe ta ji Tela ya yi ihu, wasu suna tafi a titi. Kunne ya buɗe ido, ya dubi agogo, ya share fuska da tafin hannu. Ya yi dariya irin wadda ta daɗe ba ta gani ba.

“Ban gaya miki ba? Akwatunan nan ba su da na biyu.”

Da a nan aka tsaya, da ta ɗauki abin ta tafi da shi kabarinta. Amma hannun mai sana’a ba ya jin magana. Duk aikin da ya gama, yakan ɗaga ƙyalle ya danna takardar sifika da yatsu uku. Mai rai takan shiga a hankali ta dawo. Ya je gaban ta hagu, ya ɗaga ƙyallen da ta ɗinka, ya danna. Ba ta shiga ba, sai wani ƙarr da ya ji a yatsunsa. Ya tsaya. Ya je ta dama, ya danna. Sannan ya dawo ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen cikin risibar. Akwatin da ya yi minti ashirin da biyar yana jan om biyu, kamata ya yi ya ƙona shi. Ɗumi kawai ya tarar, fanka ta riga ta huce shi.

Ya daɗe a sunkuye.

“Tun yaushe?”

Ta taso ta zagayo ta hagunsa, ta tsaya inda zai ga bakinta. “Tun gaisuwa.”

“Kika zauna.”

“Na zauna.”

“Ke ma ba ki ji ta ba ke nan.”

“Na ɗan ji, daga rediyon Tela.”

Ya koma kujerarsa ya zauna tsakanin matattun sifikun, hannuwa a kan gwiwa. Ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

“Injiniya,” ya ce, “ba na ji.”

“Na sani, Malam.”

“Tun yaushe?”

“Shekara uku.”

Ya yi wani abu mai kama da dariya. “Ashe ni ake gwadawa.” Sannan ya ɗago. “Yaya muryarta?”

Ta san sunan kowace irin goga da kowace irin yaga, shi ya koya mata, amma ba ta san yadda ake gaya wa uba muryar ’yarsa ba. Kafin ta samu abin cewa wayarta ta fara rawa a kan tebur. Ya ga haskenta, ya san ko wace ce.

“Mama! Baba ya ji? Daga manyan sifikun?”

Yana kallon bakinta. Ba ta juya masa baya ba.

“Daga cikinsu kika fito, ’yata,” ta ce. “Kin cika falon nan.”

“Ba ni shi mana!”

Ya miƙo hannu da kansa, abin da ya yi shekara uku bai yi ba. Ya ɗora wayar a kunnen hagu, ya ce, “Aku. Allah ya yi miki albarka.” Ya faɗa sau uku, a kan maganarta, domin bai san tana magana ba. Sannan ya miƙo wa uwar, ya tashi ya kashe fankar.

Washegari Injiniya ta yanke takardun, ta zaro kwayil ɗin da ta naɗa da ciki wata takwas. Sun yi baƙi ƙirin, waya tana marmashewa a hannu. Duk da haka ta warware ɗaya tana ƙirga, don ta ga ko ta tuna daidai, ta kuwa tuna. Ta sake naɗa su da waya mafi siranta, zagaye mafi yawa, om takwas kowace. Shi kuma ya sauya abin da ya ƙone a cikin risibar, domin wannan aikin ido ne da mita, ya cire guntuwar wayarsa, ya mayar wa mai gadi aikinsa. Yanzu sun dace. Risibar takan wuni tana aiki ba ta zafi.

Wa’azin om bai sake yin sa ba. In an kawo kaya shago, sai ya buɗe ƙofar ɗakin baya ya ce, “Ku ba ta ta saurara, ita ce kunnen gidan nan.” Mutane suka yi ta mamaki kwana biyu, suka saba. Har yanzu Kunne suke ce masa, yana kuma amsawa in ya ga bakinsu.

Mai karanta labaran ya dawo daga tafiyarsa ya hau kujerarsa. An ce wa Aku ta yi ƙoƙari, za a sake nemanta. Kullum huɗu saura minti biyu Kunne yakan shigo falo, ya kunna risiba, ya murɗa sauti zuwa sulusi, ya jawo kujera kusa da akwatin hagu, ya ɗora tafin hannu a kan ƙyallen. Ya daina rufe ido. In ya ji rawar kiɗan buɗewa ta lafa a hannunsa, sai ya dubi fuskar matarsa don ya san wa ke karantawa. Ya zuwa yanzu, kai take girgiza masa.